Jiragen Kawu Ba Su Nutse a Janfalan Ba

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Ummata. Ranar da labarin rasuwar Kawu Isiyaku ya iso gidanmu a Janfalan, wasiƙarsa tana hannuna. Ba ni ya rubuta wa ba. Damƙa mini ita ya yi in kai wa amininsa, na riƙe ta mako biyar cur, ina sa alamar shafi da ita a cikin littafin soyayya.

Talata ce. Na dawo daga makaranta, ko hijabi ban cire ba na zagaya bayan rumbu, inda nake ɓuya in yi karatu kada a aike ni. Na ji wayar Umma ta yi ƙara a tsakar gida. Na ji ta ce wa matar Kawu, "Na'am, Habi, lafiya kuwa?"  Sai na ji muciya ta faɗi a kan siminti, Umma tana maimaita Innalillahi wa inna ilaihi raji'un da wata murya da ban san ta da ita ba. Kawu yayanta ne, ciki ɗaya, shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu. An ce ya yanke jiki ya faɗi a gonar rake da hantsi, kafin a isa asibiti a Makarfi rai ya yi halinsa.

Na rufe littafin a kan ambulan ɗin. Ya kamata abin da zai fara zuwa bakina ya zama addu'a. Ba ita ta zo ba. Abin da zuciyata ta ce shi ne: shi ke nan, ba zai taɓa sani ba. Har yau in na tuna cewa sauƙi na ji a wannan lokacin, sai in rasa inda zan sa fuskata.

Tsofaffin ɗalibansa sun ce duk wanda ya san shi ya rubuta wani abu, za a haɗa a karanta ranar addu'ar arba'in. Na san manya za su rubuta abin da ya dace da shi, da kalmomin da suka fi nawa nauyi. Ni shekarata goma sha shida, ko a aji in malami ya kira sunana muryata maƙalewa take yi. Amma takarda ba ta kallon mutum a ido. Don haka zan faɗi wane ne Kawu kamar yadda na gan shi, in kuma faɗi abin da na yi masa, domin na gwada raba su biyun sun ƙi rabuwa.

Malam Isiyaku malamin tarihi ne. Ya koyar a Kudan, ya koyar a Nasarawan Doya, ya ƙarasa aikinsa a Makarfi, sannan ya koma gida Gazara ya rungumi gonar rakensa. Mutum ne mai sanyin magana. In ya gaishe ka sai ya tsaya ya ji amsa, ba irin gaisuwar nan da ake yi ƙafa tana tafiya ba. In yara suka taru a ƙofar gidansa, shi da kansa yake fere musu rake, ya cire gaɓoɓin, ya tsaga ƙanana saboda masu famfara. A wajen zaman makoki na ji ɗalibansa mata, waɗanda yanzu wasu har da jikoki, suna cewa duk yaron da ya yi kwana uku bai zo makaranta ba, rana ta huɗu zai ga keken Malam a jingine a ƙofar gidansu. Ba ya faɗa. Zama yake yi da uban yaron su yi ta hirar taki da damina, har sai uban ya ji kunya don kansa ya ce gobe yaro zai dawo. Yakan ce, "Ajin da ya bar mutum ɗaya a baya bai ci jarrabawa ba, ko da sauran duk sun ci."

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, waɗanda suka sani kuma suke murmushi, shi ne Kawu mutumin teku ne, alhali bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne kogin Kaduna, shi ma ta tagar mota. Ya ce mini wan babansu yana cikin waɗanda aka kwasa a jirgin ruwa zuwa yaƙin Bama, can ƙasar Asiya. Da ya dawo yakan tara yara ya ba su labarin ruwan da ba a hango ƙetarensa, da yadda ƙarti majiya ƙarfi suka yi ta sheƙa amai kwana da kwanaki. Tun daga nan abin ya shiga ran Kawu bai fita ba.

Tun kafin a haife ni ya tsinci wani kwali a wajen masu gwanjo a Zariya. Wasan yaƙi ne na Turawa, na Yaƙin Duniya na Biyu. A ciki akwai taswirar teku da tsibirai, an rarraba ta gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, da littafin dokoki mai kauri. Rabin 'ya'yan wasan sun ɓata. Kawu ya zauna ya mayar da dokokin zuwa Hausa a littafin rubutu, ya sassaƙa jirage da karan dawa. Manyan jiragen yaƙi ya caka musu tsinken ashana uku-uku a matsayin igwa, su ne ke harbi tun daga nisan gida uku. Ƙananan jiragen rakiya tsinke ɗaya, sai sun matso kusa suke cizo. Jiragen dakon sojoji kuwa ko tsinke ɗaya ba su da shi. Rarake cikinsu ya yi yadda za su ɗauki ƙwayar masara, kowace ƙwaya runduna guda ce.

Abokin karawarsa shi ne Baba Haruna, maƙwabcinmu a Janfalan, amininsa tun firamare, tsohon sojan ruwa. Shi kam ya ga tekun da idonsa shekara da shekaru, har ƙarar igwa ta cinye masa kunne. Ba ya jin waya. In an kira shi sai ya yi ta "Wa? Wa ne?" har mai kira ya haƙura. Ga ciwon gwiwa da ya hana shi hawa babur. Saboda haka Kawu ya zana masa tasa taswirar a kan faffaɗan kwali, ya sassaƙa masa jirage iri ɗaya da nasa, suka koma yaƙi ta wasiƙa. Kowa da tekunsa a zaurensa. Wannan ya rubuta inda ya motsa jiragensa, wancan ya karanta ya motsa su a tasa taswirar, sannan ya mayar da martani.

Da na shiga babbar sakandare sai Umma ta sa nake zuwa Gazara duk Juma'a bayan an tashi, Kawu ya yi mini bitar karatu, in dawo ranar Lahadi. Ta haka na zama mai kai wasiƙa. Kawu ya laƙaba mini suna Jirgin Dako. Ina sauka daga babur zan jiyo shi daga zaure: "Ga Jirgin Dako ya iso lafiya! Me aka ɗoro mana daga Janfalan?" Da farko sunan bai yi mini daɗi ba, don na ga su ne jiragen da ba su da komai. Ya lura. Ya ɗauki ɗaya ya ɗora a tafin hannuna ya ce, "Jirgin dako ba shi da igwa, amma saboda shi ake yaƙin gaba ɗaya. Manyan nan masu hayaniya 'yan rakiyarsa ne kawai."

Ba kai wasiƙa kaɗai nake yi ba, kuma nan ne nauyin abin yake. Wasan ya zo da ɗan lido, wanda ake jefawa a ga ko harbi ya samu ko ya kuskure. Kawu ya tambayi limamin unguwarsu, liman ya nuna ransa bai kwanta da shi ba, sai Kawu ya jefar da shi ya koma ƙuri'a. Marafan lemo shida, an rubuta ɗaya zuwa shida a cikinsu da fenti, a zuba a ƙoƙo a rufe da hankici. Dokarsu ita ce mai yaƙi ba ya zaro wa kansa. Shaida ne zai kau da kai ya zaro, sannan ya sa hannu a ƙasan wasiƙa. Kafin zuwana sukan yi wata biyu ba su motsa jirgi ba, saboda rashin wanda dukansu biyu suka yarda da shi. Da na zo sai ya zama ni ke zaro wa Kawu a Gazara, ni ke zaro wa Baba Haruna a Janfalan. Dattawa biyu, kowannensu ya girmi ubana, suka ɗora yaƙinsu a kan hannuna na dama.

Inna Habi, matar Kawu, ba ta taɓa ganin amfanin abin ba. Ranar da kazarta ta faɗa zaure ta tsince runduna huɗu, Kawu ya shigo cikin gida yana salati kamar an yi gobara. Inna ko ɗago kai ba ta yi ba daga tankaɗen da take yi, ta ce, "To Malam, sai a rubuta wa Haruna a ce kaza ta ci yaƙi. Ita dai ko ba komai za ta yi mana ƙwai." Wani da sai ya ɗebo masara a buhu ya mayar, wa zai sani? Kawu bai mayar ba. Sai da ya rubuta abin da ya faru, na sa hannu, ya nemi izini. Baba Haruna ya aiko da amsa: "An yarda a mayar da uku. Ɗayar ladan kaza ce." Uku kuwa ya mayar.

Abin da ya fi so ya koya mini shi ne yadda ake sauke sojoji a gaɓar tsibirin da abokin gaba ke riƙe da shi. Ya ce babu aikin da ya fi shi haɗari. Kafin ka sauke mutum ɗaya sai ka share tekun daga jiragen abokin gaba, manyan jiragenka su yi ta ruwan wuta a kan gaɓa, sannan ka jira ruwa ya ciko, domin in ya janye kwale-kwalen za su kafe a taɓo nesa da tudu, a yi ta harbin mutane ba wurin ɓuya. Kuma in ka fara saukewa babu juyawa. In ya zo nan sai ya daɗe yana juya ƙwayar masara a yatsunsa, sannan ya ce, "Mu masara muke asara. Su 'ya'yan mutane ne."

Ni kuwa, gaskiya, rabin bayanin nake ji. A cikin masarar Kawu akwai wata jar ƙwaya guda ɗaya. Na sa mata suna Kamal. A raina dogon saurayi ne mai sanyin ido, yana tsaye a bakin jirgi da hankicin wata yarinya a aljihunsa, ita kuma tana tsibirin tana jiransa. Yarinyar, ba sai na ɓoye ba, kamarta ɗaya da ni, sai dai ita tana iya magana. Har a taswirar Baba Haruna na nemo wata jar ƙwaya na saka a jirgi iri ɗaya, ba wanda ya lura. Wata tara ina bin jirgin nan gida-gida, ina ƙirga saura nawa ya isa.

Kawu ya san ina karanta littattafan nan, bai taɓa ƙwace ko ɗaya ba. Sai dai ya leƙo ya ce, "To, Jirgin Dako, an ɗaura auren ko har yanzu ana kuka?" In na rufe fuska da hijabi sai ya ce, "Karanta abinki. Amma ki riƙa tambayar littafin, duk wannan soyayyar da ake yi, wa ke ɗebo musu ruwa?"

A wata na tara jiragen Kawu suka doshi babban tsibirin da Baba Haruna ke riƙe da shi. Saura gida biyu a fara sauka. Sai dai akwai wani babban jirginsa da aka harba a zagayen baya, injinsa ya mutu, ya tsaya gida huɗu a bayan ayari. Doka ta yarda a bar shi. Kawu ya ɗauki jiragen rakiya biyu cikin ukun da ke tsaron masu dako ya juya su baya su jawo shi.

Na ce, "Kawu, za a bar masu dako da mai tsaro ɗaya fa."

Ya ce, "Na gani. Amma akwai mutane a cikin wancan ma."

Baba Haruna tsohon soja ne, irin wannan ba ta wuce shi. Ya zagayo da jiragensa masu gudu ta bayan tsibirin, sai ga su a kan masu dakon Kawu. Abu ɗaya ya rage a doka: jirgin rakiyar nan guda zai iya tayar da hayaƙi ya lulluɓe su. In ƙuri'a ta ba da huɗu ko sama, hayaƙi ya riƙe, sun tsira. In ƙasa da haka, iska ta kwashe shi.

To, a makonnin baya sau uku a jere ina zaro wa Kawu shida. Allah Ya sani sa'a ce kawai. Baba Haruna mutum ne mai barkwanci, sai ya ƙara layi ɗaya a ƙasan wasiƙarsa, yana dariya yana liƙewa: "Saura ƙuri'ar hayaƙi. Sai mu ga ko hannun 'yar ƙanwarka zai sake gane hanyar shida."

Kawu ya karanta layin nan sau biyu. Ya cire tabarau ya ajiye. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya girgiza ƙoƙo ya miƙo mini. Na kau da kai, na yi bismilla, na cusa hannu ƙarƙashin hankici ina roƙon Allah saboda ƙwayar masara. Na zaro. Ɗaya.

Kawu ya dubi marfin, sai ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, "Alhamdulillahi! Wannan ɗayan ya fi mini shida goma. Yanzu Haruna zai san irin hannun da na ba shi amana." Ya bi jiragen dakonsa ɗaya bayan ɗaya yana kwantar da su a gefe, yana juye masarar cikin gwangwani. Yaƙin wata tara ya tafi a banza, shi kuma fuskarsa kamar ranar salla, don kawai sunana ya fita. Ya rubuta sakamako, na sa hannu a ƙasa. Sannan ya juya bayan takardar ya daɗe yana rubutu, bai nuna mini ba. Ya liƙe ambulan da ƙaro ya ce, "Ki ba shi hannu da hannu." Da ya fita alwala na sa yatsa a gwangwani na ɗauke jar ƙwayar.

Ranar Lahadi na yi sallama a zauren Baba Haruna, wasiƙa tana jakata, kuma wallahi da niyyar ba shi na shiga. Sai idona ya faɗa kan taswirarsa. A can jiragen Kawu suna tsaye ƙyam, cike da masara, saura gida biyu su isa. A Gazara sun nutse, amma a Janfalan ba su nutse ba. Kamal yana nan da ransa, muddin takardar nan ba ta fito daga jakata ba.

Baba Haruna ya daka mini kira kamar yadda ya saba, "Hafsatu! Kwamanda ya aiko?"

Na ce, "Kawu ya ce yana tunani tukuna."

"Me?"

"Ya ce yana tunani tukuna!"

Ƙaryar farko da na yi masa, sai da na ɗaga murya na faɗe ta sau biyu.

Na ce wa kaina mako ɗaya kawai. Amma da mako ya zagayo sai ya zama ba Kamal ne ya riƙe ni ba, kunyar makon farko ce. Ta yaya zan fara? In ce na manta, alhali na ce yana tunani? Ranar Juma'a Kawu ya tarbe ni da "Me aka ɗoro mana?" Na ce, "Baba Haruna bai ba ni komai ba." Kalmomin gaskiya ne, amma ni na san abin da na yi da su. Kawu ya ce, "Ƙila gwiwar ce ta tashi. Allah Ya ba shi lafiya." Mako na gaba ya ce, "Ko dai nauyin maganar da ya yi yake ji. Kada ki matsa masa." Na gaba kuma na tarar ya share taswira ya jera jirage don sabon yaƙi, ya ba kansa tsaron tsibiri, ya bar wa Baba Haruna manyan jiragen, wai ai shi ne ɗan teku. A Janfalan kuwa, tun mako na uku Baba Haruna ya daina tambaya. In na gaishe shi sai ya amsa yana kallon ƙasa.

Juma'ar ƙarshe Kawu bai ce me aka ɗoro ba. Ya dubi jakata, ya dubi fuskata, ya jawo rake ya fara fere mini. Can ya ce, "In muka gama yankan rake zan hau babur in je da kaina. Tsofaffi biyu ba za su yi gaba a kan karan dawa ba."  Na ce Lahadi zan bayar. Lahadi na ce Litinin. Litinin na tsaya a ƙofar zauren har na ɗaga ƙafa, na juya. Talata waya ta yi ƙara.

A duk makonnin nan biyar, ko sau ɗaya bai ce mini "Kin kuwa ba shi?" ba. Ya nemo wa Baba Haruna uzuri kala-kala, amma ni ko uzuri bai nema mini ba, domin bai taɓa kawo wa ransa ina bukatarsa ba.

Ranar ta'aziyya a mota aka kawo Baba Haruna, mutum biyu suna riƙe da shi. Ya matsa har bakin ƙofa ya yi wa Inna Habi gaisuwa. Ta amsa daga bayan labule da kalma biyu. Bayan ya tafi na ji tana ce wa Umma, "Mako biyar Malam yana duban hanya. Ko layi ɗaya mutumin nan bai iya rubuto masa ba. Yanzu ne ya san hanyar Gazara?" Ina zaune a gefen ƙafarsu, ina tsintar shinkafar sadaka. Ban ɗago kai ba.

Bayan addu'ar bakwai muka koma Janfalan, Umma ta aike ni kai wa Baba Haruna abinci. Taswirar tana nan yadda take, ya lulluɓe ta da tsohon rawani saboda ƙura. Ya yaye ya nuna mini jiragen, sannan ya ce in zauna. Mutumin da duk layinmu ke jin muryarsa, ranar da ƙyar na ji shi.

Ya ce, "Ni na ɓata, Hafsatu. Wasa na yi, na taɓa mutuncinsa, na taɓa naki. Isiyaku bai taɓa cuta ba, ko a langa da muna yara. Shi ya sa ya ƙi a zaro ƙuri'ar. Ya tafi yana fushi da ni." Ya share ido da bakin riga. Sannan ya dube ni ya ce, "Bai ce komai ba? Ko kalma ɗaya a kaina?"

Wannan karon ko murya ban ɗaga ba. Kai kawai na girgiza, ya gani.

Ya ce, "To. Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Kin yi mana wahala."

Tun daga ranar, albarkar nan take zaune a ƙirjina kamar dutse.

A littattafan da nake karantawa akwai irin wadda ke ɓoye wasiƙa ta raba masoya, kuma ba wadda na tsana kamarta. Nakan yi sauri in kai shafin da asirinta zai tonu. Ban san ana iya yin aikinta ba tare da mugunta ba, da son rai kawai da tsoro, har mutum ya wayi gari ya raba aminan shekara sittin saboda ƙwayar masara.

Na yi tunanin hanya mai sauƙi. In ce na tsince ta a cikin littattafan Kawu da muna gyaran zaure. Kowa zai yarda, har a yaba mini. Kwana biyu ina shirya yadda zan faɗa. Sai na gane abin da hakan ke nufi: Kawu ne ke nan ya rubuta ya riƙe, Kawu ne ya yi gaba. In ɗauki laifina in ɗora wa mutumin da ba zai iya tashi ya kare kansa ba, mutumin da ya yi murna da faɗuwarsa don sunana ya fita. Na yi abubuwa da yawa a makonnin nan, amma wannan na kasa.

Ban buɗe ambulan ɗin ba. Ban san abin da ke bayan takardar ba. Na dai san mutumin da ya rubuta, kuma na ga fuskarsa lokacin da yake rubutawa. Babu fushi a cikinta.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Isiyaku. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda bai yarda ya bar kowa a baya ba, yaro ne ko jirgin kara, Ya Allah kada Ka bar shi a baya ranar da ake haye siraɗi. Ka sa duk yaron da ya dawo aji saboda kekensa ya zama masa haske. Ka ba Inna Habi haƙuri da juriya, Ka tsare mata 'ya'yanta, Ka haɗa kansu. Ka sanyaya zuciyar Ummata, wadda ta rasa wa kuma ta rasa uba a rana ɗaya. Ka ba Baba Haruna lafiya, Ka cire masa nauyin da ba nasa ba ne. Ni kuma, Ya Allah, na san haƙƙin Kawu ya wuce inda zan roƙe shi da baki. Ka isar masa cewa kayan sun makara, amma ba su nutse ba.

Wannan takardar zan ba masu haɗawa, su karanta ko su ajiye, duk wanda suka ga ya dace. Sai dai ba za ta riga wasiƙar isa ba. Gobe Lahadi, ranar da na saba kaiwa. Zan fara faɗa wa Umma da safe, in ɗauki duk abin da fuskarta za ta nuna mini. Bayan la'asar zan shiga zauren Baba Haruna in ba shi hannu da hannu, kamar yadda aka ce mini. Zan gaya masa abin da na yi da ƙarfi yadda zai ji, ko da duk layinmu za su ji tare da shi. In ya gama karantawa, in ya bar ni na taɓa taswirarsa, ni zan kwantar da jiragen ɗaya bayan ɗaya, in juye masarar a gwangwani, har da jar. Juma'a kuma in je Gazara in durƙusa gaban Inna.

Na riga na zare ta daga cikin littafin. Ko shafin da na tsaya ban duba ba.